Yadda manyan Amurka suka yi ta ɗage maganar bauta

Ranar 13 ga Fabrairun 1819, Majalisar Wakilan Amurka tana zaune ne a wani ginin bulo na wucin gadi a Washington, domin ainihin zaurenta sojojin Ingila sun banka masa wuta a 1814, gyara kuma bai ƙare ba. Abin da ke gabanta a ranar ba na tayar da ƙura ba ne. Yankin Missouri, can ƙetaren kogin Mississippi, ya cika da mutane, yana neman a karɓe shi ya zama jiha, kuma an saba irin wannan. Sai wani wakili daga New York, James Tallmadge, wanda wannan ne zuwansa majalisa na farko kuma na ƙarshe, ya miƙe ya ce yana da sharaɗi biyu da yake so a ƙara. Na ɗaya, kada a sake shigar da bawa ko guda cikin Missouri. Na biyu, duk ɗan da baiwa ta haifa a can bayan an karɓi jihar, a sake shi ya zama ɗa idan ya cika shekara 25.

In an duba, roƙon nasa bai taka kara ya karya ba. Bai ce a 'yanta kowa a ranar ba, bayi kusan 10,000 da ke Missouri za su ci gaba da zama a hannun iyayen gidansu har mutuwa. Hanya ce da jihohin Arewa suka riga suka bi: Pennsylvania a 1780, New York a 1799, New Jersey a 1804, kowacce ta bar bauta ta ƙare a hankali ta hanyar hana ta sababbin haihuwa. Mutanen Arewacin Najeriya ma sun san irinta, don kusan haka Gwamna Lugga ya yi da ya ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, aka bar sauran har 1936. Duk da haka majalisa ta hargitse. Thomas Cobb na Georgia ya gaya wa Tallmadge cewa ya kunna wutar da ruwan teku duka ba zai kashe ba, sai dai jini mai yawan teku. Tallmadge ya mayar masa da cewa in tarayya za ta watse, ta watse, in yaƙin basasa ne zai zo, ya zo. Sannan ya tuna wa majalisa abin da ya faru ana tsakiyar wannan muhawara: wani bafataken bayi ya wuce ta ƙofar ginin yana kore da mutum wajen goma sha biyar zuwa yamma, mazan sanye da ankwa an haɗa su da sarƙa, mata da yara na biye a baya, ga bulala a hannun mai kora.

Sharaɗin farko ya wuce da ƙuri'a 87 kan 76. Abin da ya firgita manya ba yawan ƙuri'ar ba ne, yadda ta rabu ne. A lokacin mafi yawansu 'yan jam'iyya ɗaya ne, ta Thomas Jefferson, amma ranar ba a bi jam'iyya ba, Arewa ta tsaya gefe, Kudu ta tsaya gefe. Majalisar Dattawa ta yi fatali da sharuɗɗan, aka tashi a watan Maris ba a yanke komai ba.

Tushen wannan zafi yana cikin tsarin mulkin da aka rubuta a Philadelphia a 1787. Marubutansa sun yi wa masu bayi alfarma uku. Ba za a hana sayo bayi daga Afirka ba kafin 1808. Bawan da ya gudu zuwa wata jiha, dole a mayar wa ubangidansa. Na uku shi ne mai nauyi: wajen raba kujerun Majalisar Wakilai, za a lissafa kowane bayi biyar a matsayin mutum uku. Bawa ba ya jefa ƙuri'a, amma kansa yana ƙara wa ubangidansa kujera, kuma da yake adadin wakilai masu zaɓen shugaban ƙasa yana bin adadin kujeru, yana ƙara masa ƙarfi a can ma. A zaɓen 1800 Jefferson ya kayar da John Adams da 73 kan 65, masana tarihi da dama kuma suna ganin ba don wannan ƙari ba da Adams ne ya ci. A cikin shekara 36 na farkon jamhuriyar, shekara 32 masu bayi daga jihar Virginia ne ke mulki: George Washington, Jefferson, James Madison da James Monroe. To, a 1819 Arewa ta riga ta fi Kudu yawan jama'a, Majalisar Wakilai ta kuɓuce wa 'yan Kudu. Abin da ya rage musu ita ce ta Dattawa, inda kowace jiha ke da kujera biyu komai ƙanƙantarta. A ƙarshen shekarar jihohi 22 ne, 11 masu bayi, 11 marasa. Duk ɓangaren da Missouri ta faɗa, shi zai rinjaya.

Ga kuma maganar kuɗi. Mutanen 1787 da yawa sun zaci bauta za ta mutu da kanta, don taba ta cinye ƙarfin gonakin Virginia, riba ta ragu. Sai a 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, aikin cire angurya da ke cin yini guda ya koma na ɗan lokaci, masaƙun Manchester kuwa ba sa ƙoshi. A 1803 Napoleon, bayan bayin Haiti sun karya masa runduna, ya sayar wa Amurka yankin Louisiana kan dala miliyan 15, ƙasar ta ninka girmanta. Jefferson ya sa hannu a dokar hana sayo bayi daga Afirka a Maris ɗin 1807, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1808, ana ta yaba masa. Sai dai dokar ba ta ɓata wa manoman Virginia da Maryland rai ba. Bayi sun yi musu yawa, an rufe kasuwar waje, farashin na gida ya tashi. Daga nan ayari ya fara gangarawa kudu maso yamma, wasu a ƙasa cikin mari, wasu ta jirgin ruwa zuwa kasuwar New Orleans. An ƙiyasta mutum wajen miliyan ɗaya ne aka kwashe ta haka kafin yaƙin basasa. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000. Ta 1820 ta samu fiye da miliyan ɗaya da rabi.

Jefferson shi ne wanda ya fi kowa wuyar sha'ani a wannan tarihi. Shi ya rubuta a 1776 cewa an halicci mutane duka daidai. A 1784 ya kawo shawarar hana bauta a dukan yankunan yamma, ta faɗi da ƙuri'a ɗaya tak. Shi ne kuma ya mallaki mutum fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. A 1814 wani matashi maƙwabcinsa, Edward Coles, sakataren Shugaba Madison, ya rubuta masa yana roƙon ya fito ya jagoranci 'yanta bayin Virginia, tunda babu mai kwarjininsa. Dattijon ya amsa da kalamai masu daɗi, ya ce ranar na nan tafe, amma wannan aikin matasa ne, shi ya tsufa. Har ya shawarci Coles da kada ya bar jihar, ya zauna ya riƙe bayinsa da kyautatawa. Coles bai bi shawarar ba. A Afrilun 1819, wata biyu bayan jawabin Tallmadge, ya ɗora bayin da ya gada a kan jiragen katako suka gangara kogin Ohio. Suna tsakiyar ruwa ya sa aka haɗa jiragen wuri ɗaya, ya tara su ya ce daga yau su 'ya'ya ne, mai son binsa ya bi shi, mai son sauka ya sauka. Da suka isa Illinois ya ba kowane magidanci eka 160. A 1822 aka zaɓe shi gwamna, a 1824 kuma ya ja gaba wajen kayar da masu son a buɗe wa bauta ƙofa a jihar. Duk mai cewa kada a yi wa mutanen wancan zamani hukunci da ma'aunin yau, sai ya fara da bayanin Coles, wanda zamaninsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, tarbiyyarsu ɗaya.

Da rikicin Missouri ya yi tsanani, Jefferson yana gidansa na Monticello yana da shekara 77. A wasiƙar da ya aika wa wani mai suna John Holmes ranar 22 ga Afrilun 1820 ya ce maganar ta tashe shi a firgice kamar ƙararrawar gobara cikin dare, kuma halin da suke ciki na wanda ya riƙe kyarkeci a kunne ne, riƙon ba lafiya, sakin ba lafiya. Ana yawan kawo wannan zance a matsayin shaidar damuwarsa. Amma wanda ya karanta wasiƙar zuwa ƙarshe zai ga ɓangaren Kudu ya bi: ya ce barin bayi su bazu zuwa sababbin yankuna zai sauƙaƙa musu rayuwa, ya kuma sauƙaƙa 'yanta su wata rana. Mutumin da ya nemi rufe yamma a 1784 ya koma yana cewa buɗe ta ce magani. Ya rasu ranar 4 ga Yulin 1826 da bashin da ya haura dala 100,000. Wasiyyarsa ta 'yanta maza biyar. A Janairun 1827 aka yi gwanjon mutum 130 a Monticello, aka raba miji da mata, uwa da ɗa.

Akwai abin da zai ba Bahaushe mamaki a nan. Mu ma ba baƙin bauta ba ne, rinji da gandu da kasuwar bayi duk an yi su a ƙasar nan, kuma babu abin alfahari a ciki. Amma a fiƙihun da aka bi a nan, ɗan da ubangida ya haifa da sa-ɗakarsa ɗa ne, yana gado, sarakuna da yawa ma haka aka haife su. A Virginia kuwa tun 1662 doka ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Mutum yana iya mallakar ɗan cikinsa, ya sa shi a jerin kadara. 'Ya'yan baiwa Sally Hemings, waɗanda mafi yawan masana yau suka yarda na Jefferson ne, a bayi aka haife su a gidan ubansu.

Majalisa ta dawo kan Missouri a lokacin sanyi na 1819 zuwa 1820, yanzu a cikin zaurenta da aka gyara. A Majalisar Dattawa, Rufus King na New York, wanda yana cikin waɗanda suka sa hannu a tsarin mulkin 1787, ya ce babu dokar ɗan Adam da za ta halatta wa mutum mallakar mutum. 'Yan Kudu suka ɗauki wannan a matsayin zagi. Mafita ta zo ta wata hanya dabam. Yankin Maine, wanda ke ƙarƙashin Massachusetts, shi ma yana neman zama jiha, sai aka ɗaure su a igiya ɗaya: Maine ta shigo babu bayi, Missouri ta shigo da bayinta, lissafi ya koma 12 da 12. Sanata Jesse Thomas na Illinois ya ƙara da cewa a ja layi a kan digiri 36 da minti 30, a sauran yankin Louisiana duk abin da ke arewa da layin ba bauta, in ban da Missouri kanta. Kakakin Majalisar Wakilai, Henry Clay na Kentucky, ya san in an kawo kunshin gaba ɗaya zai faɗi, don haka aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki ya samu nasa masu rinjaye. An cire sharaɗin hana bauta a Missouri da ƙuri'a 90 kan 87, bayan wasu 'yan Arewa sun sauya sheƙa wasu kuma sun ƙi zuwa. Shugaba Monroe ya sa hannu ranar 6 ga Maris, 1820.

Kafin ya sa hannu ya tambayi ministocinsa ko majalisa na da ikon hana bauta a yankin da bai zama jiha ba. Duka suka ce tana da shi, har da ministan yaƙi, John C. Calhoun na South Carolina, wanda daga baya zai ƙare rayuwarsa yana musun wannan. A kwanakin ne Calhoun ya riƙa doguwar hira da ministan harkokin waje, John Quincy Adams, ɗan tsohon shugaba John Adams, wanda ke rubuta abin da ya faru kowace rana a kundinsa. A cewar Adams, Calhoun ya yarda cewa aƙidar daidaiton mutane gaskiya ce mai daraja, sai dai a Kudu an fahimce ta a kan farar fata kaɗai. Ya kuma ce in tarayya ta rabu, Kudu za ta nemi ƙawance da Ingila. Adams ya cika shafuka yana kiran bauta ƙazanta a jikin tarayya. A fili kuwa bai ce uffan ba, ya goyi bayan sulhun, don yana hangen kujerar shugaban ƙasa, wadda ya samu a 1825.

Ba a gama murna ba sai Missouri ta kawo tsarin mulkinta ɗauke da umarnin a hana baƙaƙen fata 'yantattu shiga jihar, alhali a wasu jihohin Arewa irin waɗannan cikakkun 'yan ƙasa ne. Clay ya sake ɗinke ɓarakar da wata jimla mai harshen damo da kowa zai fassara yadda yake so. Missouri ta zama jiha ranar 10 ga Agustan 1821.

Clay ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne hoton ɗan siyasar tsaka-tsaki na zamanin. Yana cewa bauta sharri ce, yana kuma da bayi a gonarsa ta Ashland. Maganinsa shi ne a kwashe baƙaƙen da aka 'yanta a mayar da su Afirka, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da ta ɗauki wannan aiki a ƙarshen 1816. Daga nan Laberiya ta samo asali, babban birninta Monrovia kuma sunan Monroe ya ci. Mafi yawan baƙaƙen Amurka 'yantattu sun ƙi shirin. A taron da suka yi a Philadelphia a 1817 sun ce nan aka haife su, guminsu ne ya gina ƙasar. Lissafi ma bai goyi bayan Clay ba, don waɗanda aka kai Laberiya cikin shekara arba'in ba su kai jariran da ake haifa cikin bauta a shekara ɗaya ba. A 1829 wata baiwarsa, Charlotte Dupuy, ta kai shi kotu a Washington tana neman 'yancinta. Ya yi shari'a da ita ya ci, aka aika da ita New Orleans gidan 'yarsa. Sai a 1840 ya 'yanta ta.

Cikin waɗanda suka bi ta hannun Clay akwai wani Bafulatani, Abdurrahman Ibrahim ɗan Sori, ɗan gidan sarautar Futa Jallon, wanda aka kama a yaƙi wajen 1788 aka sayar, ya yi kusan shekara arba'in yana noma a gonar Thomas Foster kusa da Natchez, a Mississippi. A 1826 ya yi rubutu da Larabci, wani ɗan jarida ya tura takardar Washington bisa zaton mutumin Maroko ne. Takarda ta isa fadar Sarkin Maroko, sarki ya nemi a saki wannan Musulmi. Shugaba Adams da ministansa Clay suka sa baki, Foster ya sake shi a 1828 da sharaɗin ya bar ƙasar. An tara dala 200 aka fanshi matarsa Isabella. Ya zaga biranen Arewa yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, kuɗin bai isa ba, magoya bayan Andrew Jackson, abokin hamayyar Adams a zaɓen 1828, kuma suka mayar da yawon nasa makamin yaƙin neman zaɓe, suna cewa Adams na zuga bayi. Ya isa Monrovia a 1829, ya rasu bayan 'yan watanni bai ga Futa ba. Gwamnatin da ta motsa saboda mutum ɗaya don kada ta ɓata da sarkin wata ƙasa, ba ta motsa ba saboda miliyan biyu.

Su ma bayin ba zaune suka yi suna jiran majalisa ba. A 1800 wani maƙeri mai suna Gabriel ya shirya kama birnin Richmond, asiri ya tonu, Monroe wanda ke gwamnan Virginia a lokacin ya tura dakaru, aka rataye shi da wasu fiye da ashirin. A 1822 a Charleston aka zargi Denmark Vesey, kafinta da ya fanshi kansa da dala 600 daga kuɗin da ya ci a caca, da shirya tawaye. Aka rataye mutum 35, aka rushe cocin baƙaƙe da yake zuwa. Masu shari'ar sun ce jawaban da aka yi a majalisa kan Missouri na cikin abin da ya zuga shi, kuma daga nan 'yan Kudu suka riƙe cewa maganar bauta ita kanta haɗari ce. A Agustan 1831 Nat Turner da mutanensa suka kashe fararen fata sama da hamsin a Southampton, a Virginia, aka rama a kan baƙaƙe da dama da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Abin mamaki, firgicin ne ya sa majalisar Virginia ta yi mako biyu a Janairun 1832 tana muhawara a fili kan ko a kawo ƙarshen bauta, jikan Jefferson, Thomas Jefferson Randolph, na cikin masu kawo shawarar a yi hakan a hankali. Shawara ta faɗi. Maimakonta aka ƙara tsananta dokoki, har wa'azi aka hana baƙar fata yi. Wannan ne karo na ƙarshe da wata majalisa a can Kudu ta yi wa maganar irin wannan zama.

Rigimar harajin shigo da kaya ta 1832, inda South Carolina ta ce tana da ikon soke dokar tarayya a cikin iyakarta, Calhoun ya ajiye muƙamin mataimakin shugaban ƙasa, Shugaba Jackson ya yi barazanar tura soja, ita ma a ƙarƙashinta bauta ce. Calhoun da kansa ya rubuta a 1830 cewa haraji dalili ne na sama-sama. Jackson ya tsaya wa tarayya, amma shi ma mai bayi ne fiye da ɗari, kuma da 'yan iska suka fasa gidan waya na Charleston a Yulin 1835 suka ƙone jaridun masu adawa da bauta, sai ya roƙi majalisa ta haramta aika irin waɗannan takardu zuwa Kudu.

A wannan lokaci Arewa ta samu sababbin mutane da ba ruwansu da "a hankali". William Lloyd Garrison ya fara buga jaridarsa The Liberator a Boston ranar 1 ga Janairun 1831, yana cewa a 'yanta kowa yanzu, ba diyya, ba kora zuwa Afirka. Ba su da kujeru, sai suka koma ga takardun koke, mata na bi gida gida suna tara sa hannu, yawanci ana roƙon a hana bauta a birnin Washington, inda babu mai musun ikon majalisa. A Mayun 1836 Majalisar Wakilai ta kafa ƙa'idar rufe baki: duk koken da ya shafi bauta a ajiye shi a teburi, ba karantawa, ba bugawa, ba muhawara.

Nan Adams ya sake fitowa. Bayan Jackson ya kayar da shi a 1828, ya yi abin da tsohon shugaba bai taɓa yi ba, ya koma Majalisar Wakilai a 1831 a matsayin wakilin wata mazaɓa a Massachusetts. Yanzu babu kujerar da yake hange, bakin da ya rufe a 1820 ya buɗe. Ranar 6 ga Fabrairun 1837 ya miƙe da takarda a hannu, ya tambayi kakaki cikin ladabi ko ƙa'idar ta shafi koken da ke ɗauke da sunayen mutum 22 da suka ce su bayi ne. Zaure ya kaure da ihu, wasu na cewa a kore shi, wasu a tsawata masa a gaban majalisa, wani ma ya yi masa barazanar gurfana gaban kotu. Ya bar su suka yi ta kumfar baki, sannan ya sanar da su cewa bai gabatar da takardar ba, tambaya kawai ya yi, kuma abin da ke cikinta ba roƙon 'yanci ba ne, akasinsa ne. Ga alama wani ne ya aiko masa don ya kunyata shi, ya juya tarkon ya kama masu shi. A wannan rana ɗaya, a ɗaya zauren, Calhoun ya gaya wa dattawa cewa ya daina yarda a kira bauta sharri. Ya ce tabbataccen alheri ce ga fari da baƙi. Shekara goma sha bakwai ke nan tsakanin hirarsa da Adams da wannan jawabi. Mutanen Jefferson suna riƙe da bayi suna neman uzuri. Mutanen Calhoun sun daina neman uzurin. A ganina wannan sauyi shi ne babban abin da sulhun 1820 ya haifar, domin lokacin da aka ce an saya don zukata su huce, masu bayi ne suka ci moriyarsa, gonaki suka faɗaɗa, farashi ya hau, kunya ta fita.

Adams bai zama Garrison ba, kuma ya sha faɗa cewa ba zai zaɓi a hana bauta a Washington nan take ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne haƙƙin ɗan ƙasa ya kai kuka majalisarsa, kuma da wannan ya jawo dubban 'yan Arewa da ba su damu da bawa ba amma sun damu da bakinsu. A zaman majalisa na 1837 zuwa 1838 koke fiye da 130,000 ne suka iso. A 1841, yana da shekara 73, ya tsaya gaban Kotun Ƙoli yana kare mutanen Mende na Saliyo da suka ƙwace jirgin Amistad ƙarƙashin Sengbe Pieh, kotu ta sake su. A 1842 aka sake yunƙurin tsawata masa, ya yi kwanaki yana kare kansa har masu ƙarar suka gaji suka janye.

Ranar 3 ga Disamban 1844 aka soke ƙa'idar rufe baki da ƙuri'a 108 kan 80. Abin da aka samu shi ne izinin karɓar koke, ba wanda aka 'yanta. Ƙidayar 1840 ta riga ta nuna bayi sun kusa miliyan biyu da rabi. Adams ya yanke jiki ya faɗi a kujerarsa a majalisa a Fabrairun 1848, ya rasu bayan kwana biyu. Calhoun ya bi shi a 1850, Clay a 1852. Kasuwar bayi ta Washington, wadda masu koke suka yi ta kuka a kanta, sai da wani sabon sulhu da aka yi a 1850 aka rufe ta. Bautar kanta ta ci gaba a birnin har ranar 16 ga Afrilun 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa. Dokar da ta kawo ƙarshenta ta biya iyayen gida diyya har dala 300 kan kowane mutum. Waɗanda aka 'yanta kuwa, dala 100 aka ware wa duk wanda ya yarda ya bar ƙasar.